Ralanti da rarrafen motar gazuwal mai buwat otomatik: yadda ake gwadawa da inda ake neman matsala

Duk wanda ya saba da mota mai kuloci, ranar da ya fara zama a motar gazuwal mai buwat otomatik, wato akwatin giya mai sauya giya da kansa, akwai abin da ke ba shi mamaki tun kafin ya fita daga gida: da ya sa giya a D, wato ta tafiya gaba, ya ɗaga ƙafa daga birki, sai motar ta kama tafiya da kanta, alhali kuwa bai taɓa totur ba. Wannan ƴar tafiyar ita nake kira rarrafe, kuma ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera motar. Abin da ya kamata mai mota ya sani shi ne iyakar rarrafen da yake daidai, domin idan ya yi ƙarfi fiye da kima, ko ya yi rauni, ko ya zo da fizga, to akwai abin da ya taɓu a inji ko a buwat, kuma sau da yawa a nan matsalar take fara nuna kanta. A Yamai, inda motoci da dama tsofaffi ne da suka shigo ta Kwatano ko ta Lome bayan sun sha aiki a wasu ƙasashe, inda kuma zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 har ya doshi 45, wanda ya iya lura da rarrafen motarsa yana iya tserar da buwat ɗin da kuɗin gyaranta ya isa sayen babur.

Daga ina rarrafen yake fitowa

A motar hannu, kuloci ne ke haɗa inji da buwat, kuma idan an taka shi sai su rabu sarai. Buwat otomatik irin wadda muka fi sani ba ta da wannan rabuwar. A tsakaninta da inji akwai wani ƙullin ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa aka liƙe, cike da mai, wanda makanikanmu ke kira kwanbatisar. A cikinsa akwai farfela guda da inji ke juyawa, da wata farfelar da ke haɗe da buwat, da ƙarama ta uku a tsakiya wadda ke mayar da mai ya sake bugawa don ƙarfin ya ƙaru lokacin tashi. Farfelun biyu ba sa taɓa juna, mai ne kaɗai ke ɗaukar ƙarfi daga wannan ya kai wa waccan.

Wanda ya taɓa kallon mai dama fura zai gane abin nan da nan. Ludayi yana juya furar, furar kuma tana jan ƙwarya, har in ba a dafe ƙwaryar da hannu ba sai ta nemi juyawa ita ma. Inji shi ne ludayin, man buwat shi ne furar, ƙafafun mota su ne ƙwaryar, birki kuwa shi ne hannun da ya dafe. Muddin inji yana aiki kuma giya tana D ko R ta komawa baya, damun bai tsaya ba. Motar tana tsaye ne kawai saboda ƙafarka tana kan birki, ƙarfin da ya rasa wurin zuwa kuma yana komawa zafi a cikin mai.

Ralanti, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira silo, shi ne juyin da inji ke yi in ba a taka totur ba. A yawancin motocin gazuwal, idan inji ya yi zafin aiki, yana zama tsakanin juyi 650 da 850 a minti, kuma wasu injunan da aka haɗa da buwat otomatik ana ɗan ɗaga nasu sama da na ƴan uwansu masu kuloci. Injin gazuwal yana da wata ɗabi'a da ke sa rarrafensa ya fi jin jiki. Yana ba da ƙarfin murɗawa mai yawa tun yana ƙasa-ƙasa, sannan akwai abin da ke tsare masa ralanti: a tsofaffin famfunan gazuwal wasu ƙarafa ne masu juyawa da sifirin, a sababbin injuna kuwa kwamfutar inji ce. Da an ɗora masa nauyi juyin ya nemi sauka, sai a ƙara masa gazuwal nan take ya koma inda yake. Shi ya sa irin su Prado da Hilux da Land Cruiser suke iya hawa ɗan tudun ƙofar gida ba tare da an taɓa totur ba.

Akwai lissafi ɗaya da nake so kowa ya riƙe, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ƙarfin da kwanbatisar ke turawa ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar juyin inji, yana ƙaruwa ne da juyin a ninka shi da kansa. Idan ralanti ya tashi daga 700 zuwa 1,000, a fuskar allura abu kaɗan ne, bai kai faɗin yatsa ba, amma turin da motar ke yi wa birki ya ninka sau biyu, zafin da ke shiga man buwat kuma ya fi haka ƙaruwa.

Yadda za ka gwada taka motar

Ka zaɓi wuri mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, mai ƙasa mai tauri ko kwalta, inda babu yara kuma babu dabbobi. Rairayi ba ya ba da gaskiyar awo. Ka fara yin tafiyar minti 15 zuwa 20 domin inji da man buwat su yi zafin aikinsu, saboda injin da bai ɗumama ba yakan riƙe juyi sama da na kullum, musamman da asubahin hunturu, kuma wannan ba laifi ba ne in dai yana sauka bayan ƴan mintoci. Ka kashe kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, da fitilu, ka miƙe sitiyari.

Da giya a P ta ajiye mota, ko a N inda ba gaba ba baya, ka dubi allurar juyin inji. Lambobin 1, 2, 3 da ke kanta dubbai ne, saboda haka ya kamata ta zauna ƙasa da 1 kaɗan, ta kuma zauna cak, ba tana hawa tana sauka ba. Idan allurar ta mutu ko ba ka yarda da ita ba, motocin da ke da kwamfuta suna da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike da makanikai ke kira baliz, ita kuma tana nuna adadin daidai. Ka rubuta abin da ka gani.

Sai ka taka birki sosai ka mayar da giya D, kana ƙirgawa a zuciyarka. Ya kamata ka ji motar ta ɗan nisa, kamar an ɗora mata kaya, ba tare da bugu ba. A littafin gyara na Toyota na irin buwat ɗin da ke cikin tsofaffin manyan motocinta, ana son wannan kamawar ta zo cikin ƙasa da daƙiƙa 1.2 daga N zuwa D, da ƙasa da daƙiƙa 1.5 daga N zuwa R. Allura za ta ɗan sunkuya sannan ta daidaita. Ka koma N, ka jira kamar minti ɗaya, ka gwada R haka nan.

Yanzu ka sa D ka saki birki gaba ɗaya, ƙafarka tana shawagi a kansa. Lafiyayyar mota takan motsa a hankali ba tare da jinkiri ba, ta ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ta tsaya a wani gudu tsakanin kilomita 5 zuwa 10 a awa, wato daga tafiyar mai sauri zuwa sassarfa. Allurar gudu ba ta cika nuna irin wannan ba, amma manhajar taswira a waya tana nunawa, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima: idan wanda ke tafiya a gefe sai ya ruga a guje kafin ya jera da kai, abin ya yi yawa. Ka taɓa birki da taushi ka ga ko motar ta yi biyayya nan da nan. Daga nan ka kunna kilim ka sake duka gwajin. Idan kwamfaresar kilim ta kama, inji yakan ɗaga juyi kaɗan don ya ɗauki nauyinta, rarrafen kuma ya ɗan ƙaru. Wannan shi ne dalilin da ya sa wani lokaci kana tsaye a jan wuta, ƙafarka sako-sako a kan birki, sai ka ji motar ta ɗan zabura ba gaira ba dalili.

Waɗannan adadin da ka rubuta, ka ajiye su a cikin takardun mota. Amfaninsu ba na yau kaɗai ba ne. Bayan wata shida, ko bayan motar ta kwana a garaji, su ne za su gaya maka ko wani abu ya sauya.

Idan motar tana turi da ƙarfi

Alamomin sanannu ne: bugu idan an sa D ko R, motar tana ja kamar doki mai son sukuwa, ƙafa tana gajiya a kan birki a cunkoso, ƙurar birki tana baƙanta ƙafafun gaba. Kusan kullum ralanti ne ya yi sama. A fara da abu mai sauƙi. A duba ko shimfiɗar ƙasa ta turo ta danne totur, abin da ke faruwa da yawa ga masu shimfiɗa roba a kan kafet. A motoci masu waya daga totur zuwa famfo, a duba ko wayar ta yi tsatsa ko an ɗaure ta tamau har hannun famfon ba ya komawa ya jingina da mazauninsa. A duba na'urar ɗaga ralanti ta kilim da ta sanyi, domin sukan maƙale a sama. Wasu manyan motocin ma suna da maɓalli ko ɗan marfi na ɗaga ralanti a kusa da sitiyari, wanda yaro mai wanki zai iya murɗawa bai sani ba. A injuna masu kwamfuta, na'urar awon zafin ruwa in ta lalace tana iya gaya wa kwamfuta cewa inji bai ɗumama ba ko da rana tsaka, batir mai rauni ko altanato mai cajin batir in ya gaza kuma suna sa wasu motocin su ɗaga juyi da kansu.

Amma abin da na fi gani, wanda kuma ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne ralantin da hannun mutum ya ɗaga. Ina da tsohuwar Land Cruiser 80 mai inji 1HD-T da buwat otomatik, wadda famfonta na ƙarfe ne zalla, mai ɗan sukurun da makanikai ke kira bis ɗin ralanti. Wata shekara ta fara karkarwa in na tsaya da giya a D, har madubin ciki yana rawa. Na kai ta wani garaji, na dawo da la'asar, mai garajin ya tare ni da fara'a ya ce, “Alhaji, an gama, abu kaɗan ne, ralanti ne ya faɗi.” Na tayar da ita na ji shiru, karkarwa ta tafi, na biya na yi godiya. Da na iso gida ɗiyata ta fito ta buɗe ƙofa, ta ja ɓangare ɗaya ta juya tana jan na biyu. Na ɗan sassauta ƙafata kamar yadda na saba yi shekara da shekaru, sai motar ta yi tsalle gaba. Na danne birki da dukan ƙarfina. Tsakanin ƙarfen gaban motar da bayan yarinyar bai fi kamu ɗaya ba, ita kuwa ba ta ma sani ba, tana ta fama da sakata. Na daɗe zaune a ciki kafin ƙafata ta daina rawa.

Da na dubi allura, ralantin da na sani a wajen 800 ya koma kusan 1,100, wanda a lissafin da na faɗa a baya turi ne kusan ninki biyu. Washegari wani dattijon makanike ya mayar da bis ɗin mazauninsa, karkarwar ta dawo, sannan ya bi ta a hankali. Ya sa guntun tiyo mai haske tsakanin filtar gazuwal da famfo, ya ce, “Maigida, matso ka gani.” Ƴan ƙananan kumfa suna bin juna a cikin tiyon kamar jerin tururuwa. Iska ce ke shiga ta wani tsohon tiyo da ya tsage a bakin filta. Ya kuma nuna mini silanbulok ɗin hagu, wato robar da inji ke zaune a kai, ta lotse har ƙarfe ya kusa taɓa ƙarfe. Tiyo da roba ne duka cutar. Abin da aka yi mini da farko gyaran gangar Auzinawa ne.

Saboda haka idan injin gazuwal yana karkarwa ko yana neman mutuwa a D, kada ka yarda a taɓa bis ɗin ralanti kafin a bi waɗannan: filtar gazuwal da ruwan da ke taruwa a gindinta, iska a layin mai, filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin ƴan makonni, anjekta, wato bakunan da ke fesa gazuwal cikin inji, masu ɗiga ko masu feshi ba daidai ba, da robobin inji da na buwat. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ke shan gazuwal na bidon a bakin hanya, ya sa filta a farkon zarginsa. A injunan zamani masu bututun matsi na bai ɗaya, irin su 1KD-FTV da 2KD-FTV na Prado da Hilux, babu bis ɗin da za a murɗa, kwamfuta ce ke da iko. A irinsu, ralanti mai hawa da sauka yakan fito daga ɗan bawul mai daidaita shigar mai a jikin famfon matsi, wanda ake kira SCV, ko daga bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, in ya cika da baƙin tauri, kuma baliz tana nuna yadda kwamfuta ke ƙara wa kowace anjekta mai ko rage mata, abin da ke tona wadda ta gaji. Idan an gama duka wannan ralanti bai kai adadin littafi ba, a lokacin ne ake daidaita shi, da inji mai zafi, da na'urar awo, ba da kunne ba.

Akwai wani hali guda mai haɗari da ya kamata a ambata. Idan turbo, wato farfelar da hayaƙi ke juyawa don cusa wa inji iska, ta fara zubar da man inji zuwa cikin bututun iska, injin gazuwal yana iya shan wannan man a matsayin makamashi, juyi ya riƙa hawa da kansa da hayaƙi mai kauri, har a kashe makulli bai mutu ba. A motar hannu ana kashe shi da babbar giya da birki, amma otomatik ba ta kashuwa ta wannan hanyar. Abin yi shi ne a taka birki, a mayar da giya N, a tsaya, a sa P da birkin hannu, a fitar da mutane su yi nisa. Toshe masa iska ne kaɗai ke kashe shi, kuma ba da tafin hannu ba. Mai da ke raguwa ba tare da ɗiga ba da hayaƙi shuɗi su ne gargaɗinsa na farko.

Idan rarrafen ya yi rauni ko ya ɓace

A nan hankali yana komawa kan buwat, amma kafin nan a tabbata birki ba ya riƙewa. Bayan ƴar tafiya, a kai hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi ita ce ke kamawa. Birkin hannu da bai saki duka ba da tayoyi marasa iska su ma suna cinye rarrafe.

Sai man buwat. A yawancin motoci masu sandar awo, ana dubawa ne da inji a kunne, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mai da zafi, bayan an zagaya da giya ta kowane matsayi an dawo P. Wanda ya auna da inji a kashe zai ga mai ya cika alhali ya gaza. A ɗiga shi a farar takarda a duba, a kuma sunsuna. Ja mai haske lafiya ne. Ruwan ƙasa mai duhu da warin ƙuna yana nufin faifan kulocin da ke cikin buwat sun sha wuta. Idan ya yi kama da madarar da aka zuba wa jan launi, ruwan radiyata ne ya shiga ta wurin sanyaya mai, kuma wannan motar kada ta ƙara tafiya ko taku ɗaya. Man da ya gaza yana sa jinkirin kamawa da zamewa, wanda ya yi yawa kuma yana kumfa ya haifar da irin wannan cutar. Sababbin buwat da yawa ba su da sandar awo, ana duba su ta wani toshi a ƙasa, a wani zafi da aka ƙayyade, aikin da ke buƙatar baliz da wanda ya san shi.

Ba kowane jan mai ne man buwat ɗinka ba. A Toyota kaɗai akwai masu shan Dexron, da masu shan T-IV, da masu shan WS, kuma sau da yawa an rubuta nau'in a jikin sandar awo ko a littafin mota. Littafin yakan zo da jadawali biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai tsanani, kuma zafi da ƙura da rairayi da cunkoso sun sa motocinmu duka a jadawali na biyu, ko da mai sayarwa ya ce man na har abada ne.

Idan mai yana daidai amma sai an taka totur sannan motar ta kama da bugu, matsin mai ya yi ƙasa ko faifai sun cinye. Idan ta yi nauyi ƙwarai wajen tashi amma tana gudu lafiya a hanyar Doso, ana zargin ƙaramar farfelar tsakiya ta kwanbatisar. Idan kuwa inji yana mutuwa duk lokacin da aka zo tsayawa, kamar motar hannu da aka manta taka kuloci, amma yana zama lafiya a N, to ɗan kulocin da ke kulle kwanbatisar a babban gudu ne bai saki ba, kuma ɗaga ralanti ba zai yi masa komai ba. Akwai gwajin da makanikai ke yi na danne birki da totur tare don ganin iyakar juyi. Yana dafa mai cikin ƙiftawar ido, kada ya wuce daƙiƙa 5, kuma ban ga dalilin da zai sa mai mota ya yi shi da kansa ba.

Wasu sababbin buwat suna sassauta kulocin giyar tafiya gaba da kansu in an tsaya da birki, don tsimin mai, saboda haka ɗan jinkiri kaɗan bayan sakin birki ɗabi'arsu ce.

Tuƙi da rarrafe

A cunkoson Gadar Kennedy da yamma, ko a kewayen Babbar Kasuwa da Katako inda babura da masu tura kura ke kutsawa ta kowace kafa, rarrafe ya wadatar. Ƙafar dama ta zauna a kan birki, ana sassautawa ana dannewa, ba a buƙatar totur sam. Ƙafar hagu ta huta a gefe. A tsayuwar jan wuta ta ƴan daƙiƙu, barin giya a D ba ya cutar da lafiyayyar buwat. Idan tsayuwar ta yi tsawo, kamar an tare hanya ko ana jiran wani, musamman da tsakar ranar bazara da kilim a kunne, a mayar N a ja birkin hannu, domin damun ya tsaya mai ya huce. Kafin a koma D a taka birki, a kuma bar juyi ya sauka, kuma kada a sauya tsakanin D da R sai motar ta tsaya cak.

A kan tudu, birki ne ke riƙe mota, ba totur ba. Wanda ke tsayar da mota a hawa da ɗan taka totur yana dafa man buwat ne kawai. Wajen ajiye mota a gangare, a ja birkin hannu tukuna, a bar nauyi ya zauna a kansa, sannan a sa P, domin abin da ke riƙe mota a P ɗan haƙorin ƙarfe ne guda ɗaya. Kada direba ya fita daga mota da giya a D ko R ko da na buɗe ƙofar gida ne, ko da ya ja birkin hannu, saboda kwamfaresa tana iya kamawa a bayansa juyi ya ɗaga. Ni dai tun daga ranar nan, ba na matsawa kusa da ƙofa sai an buɗe ta duka, mai buɗewar kuma ya koma gefe inda nake ganinsa.

A unguwannin da rairayi ya cika lungu, da hanyoyin karkarar Tawa, rarrafe a babbar giya ba ya isa. Motar tana nutsewa, direba yana ƙara totur, ƙafafu ba sa juyawa sosai, kwanbatisar tana zamewa tana zafi, har fitilar zafin man buwat ta kama a motocin da ke da ita. Mai mota mai jan ƙafa huɗu ya tsaya tun da wuri, ya sa N, ya shiga ƙaramar giya ta L4, wadda a Land Cruiser da Prado take ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi. Sai dai ya sani cewa rarrafen ma ya ninka haka, saboda haka birki yana son ƙafa mai nauyi. Idan fitilar ta kama, a tsaya a sa P a bar inji yana ralanti har ta mutu, kada a kashe shi, domin famfon da ke zagaya da mai zuwa wurin sanyaya shi inji ne ke juya shi.

Motocin Turai masu buwat mai kuloci biyu, irin DSG ta Volkswagen da ta fito a 2003, lamarinsu daban ne ko da yake sandar giyarsu iri ɗaya ce da ta sauran. Ba su da kwanbatisar. Kwamfuta ce ke kwaikwayon rarrafe ta hanyar riƙe kuloci rabi da rabi, kamar yadda direban motar hannu ke yi da ƙafarsa. A irinsu, jan ciki na tsawon lokaci a cunkoso yana cin faifai. A danne birki sosai in an tsaya don kulocin ya saki duka, a bar tazara ta buɗe, sannan a tafi gaba ɗaya.

Barin injin gazuwal yana ralanti awa da awanni don kilim, kamar yadda direbobi ke yi a ƙofar ofisoshi da wuraren biki, yana da nasa farashin. Babban inji yana shan wajen lita 1 a awa ko fiye, ƙonewar ba ta cika ba, baƙi yana taruwa a EGR da bakin anjekta, motocin Turai na bayan 2009 masu matatar hayaƙi a salansa kuma matatar tana toshewa, daga nan ralantin da kansa ya fara rawa. Ralantin da ke da amfani shi ne na bayan doguwar tafiya. Wanda ya taso daga Yamai ya bi ta Dogon Dutse da Ƙwanni ya iso Tawa bayan sama da kilomita 500 da gudu, ya sa P ya bar injin minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, domin mai ya ci gaba da ratsa turbo har ta huce. A cikin wannan minti biyun ya dubi allura, ya kwatanta da adadin da ya rubuta a takardun mota.